Goggo Mai Huci Ta Rasu a Gefen Gado Na Uku

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da ƙirjin da har yanzu bai gama sauka ba, ni babbar nas ta ɗakin agajin gaggawa, a madadin likitar ƙirji da injiniyanmu da sauran ma'aikatan jinya da masu shara, nake sanar da 'yan uwa da abokan arziki rasuwar uwarmu kuma abokiyar aikinmu, na'urar taimakon numfashi wadda aka fi sani da Goggo Mai Huci. Ta rasu ranar Talatar makon jiya da hantsi, a gefen gado na uku, tana bakin aikinta, bayan doguwar jinyar da kowa a asibitin nan ya sani amma ba a sami wanda ya sa hannu a kan takardarta ba. Ta bar duniya tana da shekara goma sha ɗaya. Waɗanda suka ƙera ta sun ce biyar za ta yi.

Ga waɗanda Allah bai haɗa su da marigayiya ba, kuma ina yi musu fatan kada ya haɗa su da irinta, ba wata babba ba ce. Akwati ce fara, ba ta fi ƙaramar talabijin ba, da doguwar mesa, da takunkumin roba da ake ɗaure wa mara lafiya a hanci da baki. Aikinta ɗaya ne. Idan numfashi ya sarƙe wa mutum, sai ta riƙa tura masa iska daidai lokacin da ya ja, ta sassauta daidai lokacin da ya saki, ba tare da an sa shi barci an zura masa bututu a maƙogwaro ba. Maganarta ma ɗaya ce tun zuwanta har tafiyarta: fuuu, hap. Fuuu, hap. Wannan hucin ne ya ja mata suna. Goggon kuwa masu shara ne suka laƙaba mata, don sun ce ba ta haifi kowa ba amma kowa a hannunta yake kwantawa.

Ta zo mana ne a matsayin kyauta. Ranar da aka kawo ta an jera kujeru, an yi jawabai huɗu, an ɗauki hoto da ita ta gaba da ta gefe, sannan manya suka shiga motocinsu. Da muka buɗe littafin bayaninta sai muka tarar da harsuna shida, babu ko ɗaya da wani a cikinmu yake ji. Likitar ƙirji, mace ce da ba ta da yawan magana, ta rufe littafin, ta hau gado na uku da takalminta, ta ce, "Sista, ɗaura mini." Na ɗaura mata, na murɗa abin da na ga ya yi kama da na murɗawa. Kumatunta suka kumbura, idanunta suka firfito, ta riƙa dukan katifa. Da na cire mata ta daɗe tana tari, sannan ta ce, "To, mun san wanda ba a taɓawa. Hau ke ma." Haka muka koyi halin marigayiya, a fuskokinmu, kafin mu yarda ta taɓa fuskar kowa.

Ba zan iya ƙirga alherinta ba sai na fara faɗin abin da take yaƙa, don mai lafiya bai san numfashi aiki ne ba. Mu mun sani. Za ka ga an shigo da mutum a zaune, ya ƙi kwanciya, ya dafa gwiwoyinsa. Jijiyoyin wuyansa sun miƙe, fatar tsakanin haƙarƙarinsa tana lotsawa duk jan da ya yi, kafaɗunsa suna hawa suna sauka, gumi ya jiƙa rigarsa. Ka tambaye shi sunansa, sai ya ba ka rabi, ya ajiye sauran zuwa numfashi na gaba. Mai lafiya yana ja sau goma sha biyar a minti, shi yana ja sau arba'in. Babu jikin da zai daɗe a haka. Ko dai ya gaji ya saki, ko kuma ƙarfin jan da yake yi ya ƙara yayyaga huhun da dama a ciwo yake. A nan Goggo take shigowa, ta ɗauke masa rabin kayan, har magani ya sami lokacin yin nasa aikin.

Ina tuna wani kafinta, ƙaton mutum, wanda ƙurar katako da taba suka cinye wa huhu, sannan mura ta zo ta ƙarasa. Matarsa da ƙaninsa ne suka riƙo shi. Muna ɗora masa takunkumi ya fizge ya yi jifa da shi, ya ce, da kalma ɗaiɗai, kashe shi za mu yi. Ban ga laifinsa ba. Wanda yake neman iska ruwa a jallo, ka zo ka rufe masa fuska, ai sai ya ɗauka ka zo ƙarasa shi ne. Na ɗauko takunkumin na sa masa a hannu, na ce, "Malam, ba zan ɗaure ba. Kai za ka riƙe da kanka. In ka ji ba daɗi, ka cire." Ya kalle ni kamar zai mare ni, ya kara a fuskarsa. Fuuu, hap. Ya cire. Ya sake karawa. A karo na huɗu bai cire ba. Ina tsaye ina ƙirga masa: arba'in da biyu, talatin da shida, talatin. Kafin awa ɗaya ta cika kafaɗunsa sun sauko, wuyansa ya yi laushi, hannun da ke riƙe da takunkumin ya zame kan cinyarsa. Matarsa ta ƙwalla ƙara ta ɗauka ya tafi. Na ce mata barci ne, kwana uku ke nan bai yi ba. Bayan wata biyu ya dawo da ƙafarsa, ya ga tayoyin Goggo sun karye muna jan ta a kan kwali, ya juya ya tafi. Washegari ya kawo mata keken katako mai taya huɗu, har da wurin rataye mesa.

Marigayiya ba ta da girman kai, ba ta kuma tambayar wane ne kai. Ta yi wa direba aiki, ta yi wa alƙali, ta yi wa tsohuwar da ba a san danginta ba. Ba ta taɓa zuwa a makare ba, ba ta taɓa tafiya taron bita ba. Amma tunda gaskiya ake faɗa a kan mamaci, tana da nata halin. Takan bar wa mutum tabo a karan hanci. Takan busar da baki, ta cika ciki da iska, har dattijo mai mutunci ya riƙa sakin abin da ba ya so a gaban surukansa. Takan fasa kuka, tiit tiit tiit, ba gaira ba dalili, mu zo a guje mu tarar mara lafiya ya ɗaga takunkumi ne yana sosa gemu.

Akwai kuma abin da ba ta iyawa, kuma ba ta taɓa ɓoye mana ba, mu ne muka ƙi gani. Wata malamar makaranta ta zo da ciwon huhu mai tsanani, muka ɗora ta a kan Goggo. Lambar da ke nuna iskar jininta ta hau, muka yi murna. Amma wuyanta bai daina ja ba, ƙirjinta yana cika yana batsewa kamar mai gudun tsere. Awa biyu, awa huɗu, muna kallon lamba muna cewa ai tana samun sauƙi. Kafin a yarda cewa bututu take buƙata, a kai ta ɗakin kulawa ta musamman, huhun ya riga ya gama lalacewa. Ba ta fito ba. Ranar likitar ƙirji ta tara mu, ta ce, "Daga yau wuya za ku riƙa kallo, ba lamba ba. In awa ɗaya ta wuce, biyu ta wuce, mutum bai daina wahalar ja ba, ku kira ni. Kada son Goggo ya sa ku kashe 'yar mutane." Wannan laifin namu ne, na rubuta shi a nan don kada a binne shi tare da wadda ba ta yi ba.

Ciwon ajalinta ya fara ne shekara uku da suka wuce, da ɗan tari. Matacin da ke tace mata iska ya toshe, ya kamata a canza shi duk bayan 'yan watanni. Na rubuta wa daraktan kayan aiki wasiƙa. Ya amsa cewa ana duba lamarin. Na sake rubutawa. Aka kafa kwamiti mai mutum bakwai, suka zo suka kewaye ta, ɗaya ya tambaya ko ita ce take ɗaukar hoton ƙashi. Suka tafi suka rubuta rahoto mai shafi goma sha biyu, wanda ya tabbatar da cewa lallai mataci ya toshe. Wasiƙata ta tara ita ce aka dawo mini da ita, an ja layi da jan biro ƙarƙashin kwanan wata, wai ban rubuta shi a inda ya dace ba.

Duk tsawon jinyar nan mutum ɗaya ne ya tsaya mata, injiniyanmu, dattijo mai tabarau ɗaure da zare, wanda saura shekara ɗaya ya yi ritaya. Shi ya riƙa cire matacin yana wankewa yana shanyawa a taga. Da ya ruɓe, ya yanko soso ya sa mata. Mesarta ta tsage, ya naɗe da fulasta, fulastar ta tsage, ya naɗe fulastar. A ƙarshe muryarta ta canza. Fuuu ɗin ya koma furrr, hap ɗin yakan makara, sai ka riƙe naka numfashin kana jiransa. Injiniya yakan ɗora tafinsa a bayanta kamar mai jin zazzaɓin jika, ya ce, "Sista, injin cikinta ne yake ƙonewa. Ni dai na faɗa."

Kada jama'a su ɗauka hukumar asibiti ba ta da tanadi. Tana da shi. Akwai sabuwar na'ura fil, tana cikin kwalinta a sito shekara biyu ke nan. Ba a fito da ita ba ne saboda ba a ƙaddamar da ita ba, ba a ƙaddamar da ita ba kuwa saboda babban baƙon da zai yanke kintinkiri bai sami sarari ba. Makullin siton yana wurin darakta, kuma duk lokacin da na yi maganarsa sai ya ce, "Sista, komai da tsarinsa."

Ranar Talata da hantsi, ina rubuta rahoton safe, aka banko ƙofa. Darakta ne da kansa, babu hula, yana tura keken marasa lafiya, mahaifiyarsa a kai. Zuciyarta ce ta gaza, ruwa ya taru a huhunta. Leɓunanta sun yi baƙi, kumfa yana fitowa a gefen bakinta, kana jin ƙarar ruwan a ƙirjinta tun daga bakin ƙofa. Likita ta yi mata allurar da ke fitar da ruwa, ni kuma na jawo Goggo. Darakta ya dubi fulasta, ya dubi soso, ya dube ni.

"Wannan abar za ku sa wa mahaifiyata?"

"Ita gare mu, ranka ya daɗe," na ce. "Komai da tsarinsa."

Na san bai kamata ba. Na faɗa dai, kuma ban janye ba.

Tsohuwar ba ta yi gardama ba, ba ta da ƙarfin yi. Na ce, "Inna, ki bi ta kawai, in ta turo ki karɓa." Furrr, hap. Furrr, hap. Marigayiya ta yi aiki a ranar kamar ta san ta ƙarshe ce. Minti ashirin, kumfan ya ragu. Minti talatin, wuyan tsohuwar ya fara saki, ta buɗe ido ta nemi ɗanta, ya durƙusa a gefen gado ya kama yatsun ƙafarta. A minti na arba'in na ji ƙaurin waya. Goggo ta ce furrr, muka jira hap. Ta ce tiit, sau ɗaya, a hankali, ba irin kukan da ta saba ba. Fitilarta ta mutu.

Babu lokacin kuka. Likita ta fizge takunkumin, na ɗauko balan-balan, wato jakar robar da ake matsawa da hannu a tura wa mutum iska, na kara wa tsohuwar ina matsawa duk jan da ta yi. Ruwan ya fara dawowa, ina jinsa. Likita ba ta ɗaga murya ba, ta dubi darakta ta ce, "Yallaɓai, makulli." Na yi shekara biyu ina tsammanin makullin nan yana wani wuri mai nisa, a bayan kwamiti da hatimi. Ashe yana aljihun wandonsa, a zobe ɗaya da na motarsa. Na kuma ga abin da ban taɓa gani ba, darakta yana gudu. Shi da injiniya suka ɗauko kwalin a ka, minti goma sha ɗaya tsakanin fitarsu da dawowarsu. Na sani don ina ƙirgawa da hannuna, har yatsuna suka ƙage likita ta karɓe ni.

Aka farke kwali, aka fito da sabuwar tana ƙyalli. Babu mesa a ciki, babu takunkumi. Wata 'yar takarda ta ce suna cikin kwali na biyu, kwalin da babu wanda ya taɓa gani. Darakta ya zauna a ƙasa, a kan ledar da aka ɓare, ya riƙe kansa. Injiniya ya juya wurin Goggo, jikinta da sauran ɗumi, ya zare mesarta mai fulasta da takunkumin a jiki, ya cusa a bakin sabuwar. Ba ta shiga daidai ba. Ya naɗe da sabuwar fulasta, ya danne da babban yatsansa, ya ce, "Kunna." Haka ya tsaya da yatsa a wurin har awa ɗaya da rabi, har tsohuwar ta yi fitsarin da muke jira, ƙirjinta ya bushe, numfashinta ya sauko ashirin da biyu. Da aka ɗaga mata takunkumi ta sha ruwa, abin da ta fara cewa shi ne, "'Yar nan, ina ta farkon? Wannan hannunta da sanyi." An sallame ta jiya, da tabo a karan hanci.

Marigayiya ta rasu ta bar mesa ɗaya, wadda yanzu take riƙo a gidan wata. Ta bar takunkumi uku, babba da matsakaici da wanda igiyarsa ta tsinke muke ɗaure shi da bandeji. Ta bar yayarta silindar oksijin, wadda ita ma tsufa ya kama ta, da ƙanwarta balan-balan. Ta bar dattijo ɗaya da tun ranar Talata yake zuwa ya tsaya inda take, hannunsa a aljihu. Ta kuma bar 'ya'ya da jikoki da ba mu san adadinsu ba, suna tuƙi, suna ɗinki, suna faɗa da matansu, suna hawa bene ba tare da sun tsaya a tsakiya ba, yawancinsu ba su san sunanta ba.

Muna godiya ga duk waɗanda suka aiko da ta'aziyya, musamman ofishin darakta, wanda ya aiko da takarda biyu a rana ɗaya. Ta farko sanarwa ce ga dukan ma'aikata, tana yaba wa hangen nesan hukuma da ta yi tanadin sabuwar na'ura tun kafin buƙata ta taso. Ta biyu tawa ce ni kaɗai, takardar tuhuma, ana so in yi bayani cikin kwana biyu dalilin da ya sa aka yi amfani da kayan da ba a ƙaddamar ba. Na amsa a layi ɗaya, na kuma rubuta kwanan wata a inda ya dace.

Za a yi jana'izarta ranar Alhamis da ƙarfe goma na safe. Za a ɗauke ta daga ɗakin agajin gaggawa, a bi da ita ta gaban ɗakin magani, ta bayan wurin wanki, zuwa rumfar da ke bayan gidan janareta, inda za a kwantar da ita kusa da gadaje marasa ƙafa da firjin jini da ya riga ta. Injiniya ne zai yi mata sutura da tsohon zanin gado. Ba a buƙatar jawabi, ba a buƙatar mai hoto. 'Yan kwamiti da suke son halarta su zo da wuri, za a nuna musu wadda ce.

Haka kuma ana sanar da jama'a cewa babban baƙo ya sami sarari ranar Litinin mai zuwa. Saboda haka, da an dawo daga jana'iza, za a cire sabuwar na'ura daga gefen gado na uku, a goge ta, a mayar da ita kwalinta, a liƙe, don a same ta sabuwa ranar yanke kintinkiri. Ana roƙon duk wanda numfashinsa yake da niyyar sarƙewa tsakanin Alhamis da Litinin ya daure ya jinkirta.

Wanda ya kasa jira kuma, a kawo shi. Balan-balan tana nan, ni da likita mun raba kwanakin, hannu huɗu gare mu.